Hannun da Ya Daina Jin Zafi

Murfin tukunya ne ya fara kaf-kaf-kaf a kan murhu, ruwa ya tafasa. Na juye a bokiti, na sirka da na randa, na tsoma hannu kamar kullum, na ji daidai. Na kira jikata, 'yar shekara huɗu, in yi mata wanka. Uwarta tana koyarwa a Kafin Hausa, sai Juma'a take zuwa Haɗeja, shi ya sa yarinyar take wurina.

Kofi ɗaya na zuba mata a kafaɗa. Ihun da ta yi sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Fatar ta yi ja, kafin azahar ta yi bororo.

Tun ina amarya nake turara shinkafar fadama, ina kwasar ta da hannu tana huci. Ashe tafin ya mutu ban sani ba. Ruwan da ya ƙona yarinya, ni ɗumi na ji.

Ƙanena mai kiwon tarwaɗa a bakin kogi ya zo dubiya da ma'aunin zafi, ɗan gwanjo, da rubutun Japan a jikinsa. Ya ce ya duba a waya, kalmar wai suion ce, zafin ruwa ke nan ko sanyinsa, na kogi, na tafki, na kwamin kifi. Wai in riƙa auna ruwan wankan yarinyar da shi.

"Kai dai ba ka da kunya," na ce. "Jikar tawa ce tarwaɗa?"

"Yaya, tarwaɗata ko ɗaya ba ta taɓa ƙonewa ba."

Na karɓa. Sai dai lambobin ƙanana ne, idona ba ya kama su. Na ajiye shi a kan taga.

Ranar Juma'a ban ɓoye wa uwar komai ba, ina tsoron Allah. Ta ɗaga rigar yarinyar, ta daɗe tana kallo.

"Inna, ko in tafi da ita? Kin gaji."

Ba ƙarya ta yi ba, na gaji. Gwiwa, baya, ido, yanzu kuma hannu. Amma in aka ɗauke yarinyar nan, daga ni sai kaji a gidan. Na ce ta ba ni mako guda. Ta ce to, ba ta dube ni ba.

Asabar da safe na dafa ruwa, na sirka, na ƙara sirkawa. Na tsoma hannu, na cire, ban san me na ji ba. Na zauna a kan kujera 'yar tsuguno ina kallon bokitin, na kasa kiran yarinyar. Ita ce ta fito da kanta, ɗaure da ɗan zanenta, ta tsaya nesa kaɗan tana duba na. Can ta matso, ta miƙa yatsa ɗaya a hankali cikin ruwan.

"Kaka, wannan ai ya yi sanyi. Ƙara na zafi, ni zan riƙa taɓa miki."