Kunamar Bindigar Kaka

Jiya kawuna ya kawo sabuwar bindigar iska daga Kafanchan. Kunamarta laushi gare ta, ko atishawa ka yi sai ta tashi. Nan na tuna marigayi Kaka.

Tasa tsohuwa ce, tana warin man keke da citta. Kafin kunamarta ta motsa sai ka yi gumi kamar mai tura tirela. Na roƙi Kaka a sassauta ta, ya ƙi.

Wata rana na auna ɓera a bayan rumbu. Ina ta fama da kunama, ɓeran ya ɗago kai, ashe kazar Kirsimetin Mama ce.

Kaka ya ce, "Ka gani, abokina? Taurin nan lokacin tunani yake ba ka."

Allah ya ba shi hutawa, ni kuma ya ba ni yatsa mai haƙuri.