Akwatin da Injiniya Ta Bari

Duk wanda firijinsa ya taɓa daina sanyi a unguwar ya san Baba Sanyi. Shagonsa na ƙarƙashin wani tsohon bene ne, tsakanin mai guga da mai sayar da ƙwan lantarki, kuma ƙofar ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda matattun firij da aka jingine a bayanta. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon walda. In aka kawo masa aiki ba ya saurin kwancewa. Sai ya jona wuta, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya ce wa mai kayan, "Yi shiru mana, bari ya faɗa min da bakinsa."

'Ya'yansa uku. Mazan biyu sun tsere wa warin gas tun suna yara, ɗaya ya zama malamin makaranta, ɗaya yana jan babbar mota. Autar ce, mace, ta liƙe masa. Tana 'yar mitsitsiya ta kwance rediyon gidan ta baje kayan cikinsa a tsakar ɗaki. Uwar ta fito da faɗa, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya sa mata Injiniya. Sunan ya bi ta har ta girma, ta karanci kwamfuta, ta samu aikin kula da na'urorin wani asibiti.

Ita ce wata ranar hutu ta shigo da wani baƙin akwatin ƙarfe, bai wuce ƙaramin kwalin takalmi ba, ta dire shi a ƙarƙashin talabijin.

"Baba, ga sabar gidanmu."

"Sabar me kuma?"

"Kwamfuta ce 'yar ƙarama da ba a kashewa. Duk hotunanmu da bidiyo za su zauna a ciki. Ka kalla a talabijin, su Yaya su kalla a wayoyinsu daga inda suke. Firij ne na hotuna, Baba, don kada su lalace."

Ya ɗaga akwatin ya girgiza, ya ji fayau. "Wannan firijin naki ai ko inji babu."

"Kayan cikin a hankali zan saya. Ba a yi musu gaggawa."

Ta riga ta tattara komai a tsohuwar kwamfutarta ta cinya: hotunan takarda da ta bi ɗaya bayan ɗaya ta ɗauka, tsofaffin kaset da ta kai aka juye, da abin da ta ceto daga wayar uwarta da ta faɗa bokitin wanki. Saura kawai ta sayi kayan ta haɗa.

Ba ta haɗa ba. Ciwon kai ya kama ta a wurin aiki, ta ce bari ta ɗan kifa kanta a tebur. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe. A asibitin da take gyara wa na'urori ta cika, mako bai zagayo ba.

Baba Sanyi ya koma shago don bai san inda zai sa kansa ba. Ya daina zolayar masu kawo aiki. A gida kuma matarsa kan goge teburin talabijin kullum, ta zagaye akwatin da tsumma ba ta taɓa shi. Babu mai maganarsa a cikinsu.

Wata safiya ya kunna kwamfutar 'yar tasa, don kawai ya ga fuskar allon da ta saba kallo. Sai ya ji wani ɗan ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, kamar ana ƙyasta farce. Bai san kwamfuta ba, amma ya san kukan injin da ya kusa tsayawa. Ya kashe ta nan take. Ya sa ta a jaka tare da akwatin, ya nufi layin masu kayan kwamfuta, wani shago da ta taɓa nuna masa daga cikin mota.

Shagon ɗan siriri ne, kwalaye har rufi, fanka na kaɗa igiyoyin da aka rataye. Mai shagon, wani dogo mai tabarau, yana ganin akwatin ya washe baki.

"Ah, wannan ai na Injiniya ne! Baba, kai ne mahaifinta? Ta sha ba ni labarinka. Ina ta shige? Ta sa na ajiye mata kaya ta ɓace."

Baba Sanyi ya kawar da kai. Ya ce, "Ni ta bar wa aikin."

"To madalla. Zauna, Baba."

Mai shagon ya fito da alluna biyu, irin wanda duk sauran kayan ke hawa kansa. Ɗaya mai ƙarfi ne, in ji shi, amma yana shan wuta yana zafi. Ɗayan ba shi da gudu sosai, sai dai wutar da yake ci ba ta fi ta ƙwan fitila ba, kuma ya isa ya nuna bidiyo ga mutum biyu ko uku a lokaci guda.

"Abin da zai kwana ya wuni a kunne, mai sanyin za a ba shi," in ji Baba Sanyi.

"Ita ma shi ta zaɓa."

Baba Sanyi ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Suka zo kan faifan ajiya. Akwai mai juyawa, mai ɗaukar kaya da yawa amma yana ɗan gurnani, akwai kuma marar motsi, shiru kamar ba ya nan, sai dai cikinsa bai kai na wancan ba. Mai shagon ya ce a sa ƙarami marar motsi ya riƙa tayar da na'urar, a sa manya masu juyawa guda biyu su riƙe hotunan.

"Me ya sa biyu?"

"Duk abin da aka rubuta a ɗaya, ana rubuta shi a ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na nan da komai."

Baba Sanyi ya daɗe yana kallon faifan biyu a kan kantar shagon. Sannan ya ce a ƙara na uku, wanda zai riƙa kwafewa ya kai gidan babban ɗansa. Ya ɗauki fankar da za a sa, ya hura mata iska, ya saurara, ya mayar. Sai da aka ba shi ta uku ya yarda. Ya karɓi batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta.

"Saura girman faifan," in ji mai shagon, yana duba abin da ke cikin kwamfutar. "Abin da ke nan bai da yawa. Amma ana saye ne da lissafin gaba. Ka san Injiniya da ɗaukar hoto. A shekara kamar nawa kake ganin za su ƙaru?"

"Ba za su ƙaru ba."

"Haba Baba, ai kullum..."

"Ta rasu, ɗana."

Mai shagon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya yi salati a hankali, ya yi mata addu'a. Daga nan bai ƙara tambayar komai ba. Ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya jawo kujera kusa da ta tsohon. Shi yana nuna ramin, Baba Sanyi na ɗaure kusoshin da kansa. Kafin rana ta yi sanyi sun kwashe komai daga faifan kwamfutar da ke ƙara, ban da 'yan hotuna kaɗan da suka riga suka tafi.

Da yamma ya jona akwatin a ƙarƙashin talabijin. Wata 'yar koriyar fitila ta kama. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce ita ba za ta iya ba. Amma ba ta koma ciki ba.

Ga shi nan ya fito a talabijin, a shago yana faɗa da wani firij. Ga uwar tana tsefe kai tana kare fuska da hannu. Ga yayyen suna kokawa da katifa a matakala, ga jikoki suna tsalle a kan kujera. Ya wuce wannan, ya buɗe wancan, ya sake buɗe wani. Kowa na ciki sai ita, 'yan hotunan yarintarta na cikin waɗanda suka tafi. Ashe duk shekarun nan ita ke riƙe da wayar. Muryarta kawai ake ji daga baya, kusa sosai, tana cewa, "Baba, ɗago mana," tana dariya har hoton na girgiza.

Ya yi kwanaki yana bincike. A ƙarshe ya same ta a wani bidiyo na shagonsa: ta zagayo tana ɗaukarsa, sai inuwarta ta faɗa a gilashin wani firijin lemo, rabin fuska, waya ta rufe sauran. Ko ƙiftawa biyu ba ta yi ba ta wuce. Mai shagon ya koya masa yadda ake tsayar da hoto, a nan yake tsayarwa.

Yanzu Baba Sanyi kan rufe shago da wuri. 'Ya'yansa maza sun ce za su riƙa turo hotunan yaransu a zuba, tunda wuri ya rage da yawa. Ya ce to, su bari tukuna. Matarsa har yau ba ta zauna gaban talabijin ɗin ba. Tana kicin take aikinta, ƙofa a buɗe, wani lokaci in ya rage sauti don kada ya dame ta, sai ya ji ta ce, "Malam, ƙara murya, ba na ji."