Wanda Waƙa Ta Binne da Ransa

Royston Tranter bai mutu ba. Dole a faɗa da ƙarfi, domin shekara arba'in ke nan wata waƙa tana binne shi a rediyo.

A Aston ta Birmingham ya tashi, yana aiki a masana'antar narka ƙarfe tare da abokinsa Clive. Clive ya ajiye guduma ya ɗauki jita, ya kafa ƙungiyar kiɗan nan mai rugugi kamar aradu. Shi kuwa Royston allurar maye ta ɗauke shi, har ya sayar da zoben mahaifiyarsa. Sau ɗaya tak Clive ya zo duba shi, ya zauna bakin gado yana rubutu a bayan kwalin taba. Bayan wata shida waƙar ta fito, da sunan Royston ƙarara a amshi, a baitin ƙarshe kuma an kai shi kabari.

Waƙar ta zagaye duniya, ta saya wa Clive ƙaton gida a Amurka. Royston ya daina allurar da ƙyar, matarsa Beryl na riƙe masa bokitin amai. Ya koma bakin wutar masana'anta, shekara talatin bai taɓa makara ba, ya aurar da 'ya'ya biyu. Wannan duk ba wanda ya waƙe shi.

Da ya yi ritaya sai ya samu aikin tsallakar da 'yan firamare titi. Safe da yamma yana nan da rigarsa mai ruwan ɗorawa da sandarsa mai kewayayyen allo ta tsayar da motoci, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar aikin nan.

Sai waƙar ta cika shekara arba'in, 'yan talabijin suka zo neman "Royston na gaskiya". Ya ƙi magana, suka ɗauki hotonsa a bakin aiki. Kafin mako ya zagayo iyaye sun haɗa takardar koke. Mutanen da ke kwarara amshin nan a mashaya, kwalba a hannu, su ne yau ba su yarda ɗan ƙwaya ya riƙe hannun 'ya'yansu ba. Kai, wannan rashin kunya da yawa take!

"Tashi ka je ka faɗa musu, tsoho," in ji Beryl, ta dangwarar da kofin shayi. "Tun kafin a haifi rabinsu ka daina. In ba za ka iya ba ni in je, su ji abin da ba su taɓa ji ba."

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki ya tafi ofishin hukumar da ta ɗauke shi aiki. Mista Oakley, shugaban sashen, ya ba shi kujera da biskit.

"Ni fa ba ruwana, Mista Tranter. Iyaye ne, ka san halinsu."

"Shekara talatin da tara rabona da allura, yallaɓai. Ga jinina, a gwada."

"Ba sai an kai ga haka ba, an riga an gama magana. Sanda da riga, ranar Juma'a ka dawo da su."

Royston ya miƙe. Ya kai ƙofa ke nan Oakley ya yi gyaran murya, ya jawo aljihun tebur, ya zaro wani tsohon faifan garmaho na waƙar Clive a cikin leda, bakinsa har kunne.

"Kafin ka tafi, don Allah ko za ka ɗan sa min hannu a nan? Tun ina ɗan sha biyar nake son waƙar nan."