An Kira Don Chebo Sau Biyu

Duk wanda ya taɓa aikin kankana a gonakin Santa Brígida, can tsakiyar kwarin Kalifoniya, ya san Eusebio Quintanar, wanda kowa ke kira Don Chebo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gaban layi da wuƙarsa, masu ɗauka na biye. Shi ke cewa wannan ta nuna, waccan a bar ta sai jibi. Wasu gindin kankana suke dubawa, wasu igiyarta. Shi ƙwanƙwasawa yake yi da bayan yatsa, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, sannan ya kai wuƙa ko ya wuce.

Ga shi da baki. In sabon ma'aikaci ya yanko ɗanya, sai ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Kai, wannan ai ko akuyar surukata ba ta ci! Kunnuwan nan naka na tare hula ne?" Ba wanda ya taɓa riƙe shi a rai, don in an zauna cin abinci shi ke fara raba wainar masarar da matarsa Herminia ke ƙunso masa.

Wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbi, yana kishingiɗe a falonsa, 'yan sandan garin suka tsayar da motarsu mai sulke a ƙofar gidan. Wani suke nema, wanda ya bar hayar gidan shekara biyu da suka wuce. Ba su ƙwanƙwasa ba. Taga suka fasa, suka jefo gurnetin nan da suke cewa ba ya kisa, wai tsawa ce kawai da walƙiya don a ruɗa na ciki. A kan matashin da ya ta da kai da shi ya fashe. Da suka gane sun yi ɓatan kai, ɗayansu har da kakkaɓe masa riga. Likita ya ce kunnen dama ya tafi ke nan, na hagu kuwa ba abin da ya rage masa sai ƙugi dare da rana.

Da kankana ta sake nuna, taurin kai ya maida shi gona. Ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, shiru. Ya yi ta cinke, ya yi ta yanko ɗanya. Ba wanda ya ɗaga ta sama, ba wanda ya yi masa ba'a, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. A rana ta uku ya miƙa wuƙar da kansa, aka koma da shi manna takarda a jikin kankana, aikin da ake ba wanda ya zo jiya.

Dokar jiha ta ce duk shekara sai 'yan sanda sun jera kayan yaƙin da ke hannunsu a gaban kansiloli, sun faɗi yadda suka yi amfani da su, sun nemi a sabunta musu izini. Herminia ce ta samo rahoton bana. A shafin ƙarshe an rubuta cewa ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba. Ita da ta buga lambar ƙorafin sau huɗu, na'ura na amsa mata! Ta dangwara takardar a gabansa, ta kama haɓarsa don ya dubi bakinta.

"Ka gani? Wai ba wanda ya yi kuka."

"Sai in je in yi musu a gabansu," in ji shi, da ƙarfi, don yanzu bai san iyakar muryarsa ba. "Gurnetin nan kawai nake so a cire daga jerin. Motar su riƙe, su kai 'ya'yansu makaranta da ita."

"Maigida, ƙarfe biyu na rana suka sa zaman, tsakiyar girbi. Ko shara nake yi a wurin aiki ba za a sake ni ba, balle ina kan injin tattara kankana. Wa zai taɓa ka in an kira ka?"

"Ke dai! A gaba zan zauna. Kurma na zama, ban zama ƙuda ba."

Minti uku ake ba duk mai magana a zaman. Sati biyu ya yi yana karanta takardarsa a gaban agogon kicin, yana datse ta, har ta shiga minti uku daidai. Ran zaman ya sa farar rigarsa ta coci, ya cika katin masu son magana. A gurbin da aka ce a faɗi dalili ya rubuta da manyan baƙaƙe: GURNETINKU YA KASHE MINI KUNNE. Ya miƙa wa akawu, ya zauna a layin farko, taku huɗu daga teburin magajiyar gari, Arlene Bettencourt.

Shi a zatonsa magana mai nauyi irin wannan sai can ƙarshe. Ashe an cusa ta cikin tarkacen da ake amincewa da su a dunƙule tun farkon zama, tsakanin kwangilar yankan ciyawar filin wasa da sabunta fentin titi. Ya sunkuya yana bitar takardarsa, leɓɓansa na motsi. Magajiyar gari ta ɗauki katin, ta karanta shi gaba da baya.

"Eusebio Quintanar," ta ce.

Ta ɗago ta dube shi. Matar nan a gonar ubanta ya fara yankan kankana, ta san shi tun tana da kitso biyu. Ta ɗaga masa hannu kawai ya isa, ko ta tura akawu ya dafa masa kafaɗa. Shugaban 'yan sanda na zaune a gefe yana duba wayarsa. Kansiloli huɗu kowa ya sami abin karantawa.

"Eusebio Quintanar," ta sake cewa, daidai yadda ƙa'ida ta tanada. Ta ɗan jira. "To, mai magana bai fito ba."

Hannu biyar suka tashi na amincewa. Ya gansu ta wutsiyar ido, ya ɗauka maganar ciyawa ce.

Wallahi da sun kore shi da sanda da ya fi mutunci. Awa uku dattijon nan ya yi a zaune, takarda a cinya, ko ruwa bai tashi sha ba don kada a kira shi ba ya nan. Aka yi maganar fitilun titi, aka yi ta karnukan da ke yawo. Sai da ya ga ana tattara jakunkuna ya miƙe ya tari akawu.

"Baiwar Allah, ni fa? Yaushe za a zo kaina?"

Ta buɗe baki, ta tuna ba ya ji, ta juya katinsa ta rubuta masa amsa a baya: An kira ka sau biyu. An amince da jerin duka. Sai Yulin baɗi.

Ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Sannan ya nuna kujerar magajiyar gari, wadda tuni ta fice ta ƙofar baya.

"Ta karanta abin da na rubuta a gaban katin?"

Akawun ta kasa haɗa ido da shi. Ta gyaɗa kai.