Sau Uku a Wuyan Hannu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da goɗiya ta ja ɗana Ishaya a kan tsakuwar layin dogo a nan Kafanchan. Shekararsa goma sha uku a lokacin. Da yana raye, da yanzu ya yi gemu.

Ni ban yi makaranta ba. Wata malama a zumuntar matanmu ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri. Na ji iyaye suna ta kai 'ya'yansu ƙungiyar hawan doki, shi ya sa zan faɗi nawa.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Kwoi. Citta muke nomawa. Da aka ƙone ƙauyen, na binne mijina, na ɗauko 'ya'yana biyu, Hannatu da ƙanenta Ishaya, muka zo Kafanchan da tufafin jikinmu. Na ce a raina, abin da zai same ni ya gama samuna. Ashe da saura.

A ƙauyenmu babu doki. Awaki gare mu. Da damina ba a sakin akuya, don in ta shiga gonar maƙwabci, faɗa ne har gaban mai unguwa. Yaro ne ke jan ta zuwa kiwo. Kowace uwa a wurinmu tana koya wa ɗanta abu ɗaya: naɗe igiyar sau uku a wuyan hannu, sannan ka damƙe. Komai fizgar akuya ba ta ƙwacewa. Haka uwata ta koya mini. Ishaya yana da shekara biyar wani bunsuru ya ƙwace masa, ya cinye waken wani dattijon coci. Na zane shi, na kama hannunsa na naɗa masa igiyar da kaina. Na ce, "Ka sake sakin igiya, kada ka dawo gidan nan." Bai sake saki ba.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba wanda ya gaya mini cewa in ya bushe a haka, ba ya miƙewa.

Mai ƙungiyar da Ishaya ya shiga, Oga Luka, tsohon ɗan sandan doki ne. Da ya bar aiki ya ajiye dawaki huɗu a wani fili kusa da layin dogo, yana koya wa yaran unguwa kowace Asabar. Tun da muka baro ƙauye Ishaya bai yi dariya ba, sai da ya fara zuwa filin nan. Wata rana ya dawo ya ce, "Mama, doki fa ya san muryana." Na ce, "To, ya zo ya ba ka tuwo." Amma na ji daɗi. Asabar ranar kasuwata ce, ko sau ɗaya ban taka filin ba. Ban tambayi kowa komai ba.

Ba faɗowa ya yi daga sama ba. Wannan ne mutane ba su gane ba. An gama hawa lafiya, an cire sirdi, yana jan goɗiyar a ƙasa zai kai ta shan ruwa. Sai ga 'yan acaɓa masu rakiyar amarya, sun cire salansa suna ta ƙara. Goɗiya ta firgita ta zabura. Da wani yaron ne, da sai ya saki. Nawa an koya masa kada ya saki, kuma ko ya so, igiyar ta riga ta ci nama. Da wuƙa aka yanke ta. Ya kwana biyu a asibiti bai buɗe baki ba. Da nake wanke masa hannu na ga shatin igiyar. Layi uku.

Oga Luka ya zo gaisuwa ya durƙusa yana kuka. Ya ce ya faɗa wa yaran ya fi a ƙirga: a ninke igiya cikin tafin hannu, in doki ya fizga a saki, doki ya san hanyar gida. Ishaya sai ya ce to, da Oga Luka ya juya baya hannun ya naɗe igiyar da kansa. Kunnensa ya ji maganar Oga Luka, hannunsa ya ji tawa. Fasto ya ce nufin Ubangiji ne. Mutanen unguwa suka ce sakacin Oga Luka ne, suka daina amsa gaisuwarsa, har ya sayar da dawakin ya bar garin. Ni na yi shiru. Na bar shi ya tafi da kayan da ba nasa ba. Ban san ko yana raye ba. In yana raye, wanda ya san inda yake ya karanta masa wannan.

Ko Hannatu ban gaya wa ba. Yanzu tana sayar da abinci a Mararaban Rido, ɗanta Bulus yana wurina don makaranta. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyen ubansa, shekararsa goma sha biyu. Bana ya kawo mini takarda daga wata sabuwar ƙungiyar doki, wai in dangwala yatsa. Na ce a'a.

Ya ce, "Kaka, yanzu ba kamar lokacin Kawu ba ne. Akwai hular kwano."

Na ce, "Hular ce za ta kwance maka igiya?"

Bai gane ba. Ni ma ban ƙara ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Bayan sati uku ina wanke rigarsa na ji warin doki. Ba na mance warin nan. Ashe a ɓoye yake zuwa. Na zauna da rigar a hannu na ga abin da hanin nawa ya haifar: yaro yana wurin doki, ni ba na wurin. Yadda aka yi da farko ke nan.

Na tafi filin. Na ga huluna, na ga dogayen takalma, har 'yan mata suna hawa. Iyaye sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Da Ishaya ya ga haka me zai ce? Zai yi wa hular dariya, sannan ya roƙi a ara masa. Wataƙila da shi ne mai koyarwar. Ban daɗe a kan wannan tunanin ba, ba ya kai ni ko'ina. Na jira aka sauka, aka mayar da wayoyi aljihu, na dubi hannuwa. Yara uku sun naɗe igiya, duk 'ya'yan manoman da gudu ya kawo gari irinmu. Na ukun Bulus ne. Hannatu ta koya masa yadda na koya mata. Shirun da na yi shekara goma sha ɗaya, ga shi naɗe a hannun jikana.

Iyaye, ga nawa. Ku je filin da ƙafarku, kada ku aika. Lokacin da yaro yake sama kowa yana kallonsa, ku kalle shi bayan ya sauka, yana jan dabbar zuwa ruwa. Ku tambayi mai koyarwa me yake hanawa, sannan ku tambayi kanku ko ku ne kuka koya wa yaron abin a gida. Ku faɗa masa da bakinku, a gaban malaminsa, cewa in doki ya fizga ya saki, ba wanda zai dake shi. Mu talakawa riƙewa muke koya wa 'ya'yanmu, don abin hannunmu ba shi da yawa. Sakewa ba mu iya ba.

Na dangwala yatsan. Na bar kasuwar Asabar. Yanzu ina zama a kan wani dutse a bakin filin, duk wanda ya naɗe igiya in daka masa tsawa. Yaran sun sa mini suna Kaka Saki. Suna kwaikwayon muryata in na juya baya. Su yi.

Me ya rage na Ishaya? Ba ni da hotonsa. Kabarinsa ya lotsa, ciyawa ta rufe. Abokansa sun yi aure, wasu in mun haɗu ba sa gane ni. Fuskarsa ma ta fara ɓace mini, sai na dubi Hannatu nake samo goshinsa. Abin da ya rage shi ne tsawar wata tsohuwa a bakin fili, ranar Asabar. Ba shi da yawa, kuma ban ga yana kama jiki ba. Asabar ɗin da ta wuce Bulus yana jan doki yana hira da abokinsa, hannunsa ya naɗe igiyar sau ɗaya bai sani ba. Sai da ya ga ina kallo ya warware.

Idona kuwa yana ta fara rufe shi, ganina yana raguwa.