Ranar da Muka Taro Inna Daga Makka

A wancan lokacin, in an je taro alhaji a filin jirgi ba a dawowa shiru. Motoci a jere, kowa ya danne hon, kuma abin kunya ne a bari wata mota ta ratsa ayari. Haka muka taro kakata, Inna, shekarar da ta sauke farali. Ina gefenta a bayan tsohuwar fijon kawuna, sai ƙamshin turare take, tana ta murmushi don a ga sabon haƙorin Makka. Kai, ina kewar tsohuwar nan!

Muka ratso Sabon Gari, matan Ibo masu shaguna suna ɗago mata hannu: "Hajiya, sannu da zuwa!" Da muka iso inda titi ya haye layin dogo, za mu shiga Fagge, sai cunkoso ya riƙe motar gabanmu. Kawu kuwa, don kar wani ɗan tasi ya shiga tsakani, ya riga ya manne mata. Ta bayanmu ma ta manne mana. Muka tsaya ɗoɗar a kan ƙarfen jirgi.

Wa ke tunawa da jirgi? Sai a daɗe bai wuce ba, har barkono ake shanyawa a kan layin. Ashe tun daga tasha yake kuka, hon ɗinmu ya hana mu ji. Mu da kanmu muka toshe kunnuwanmu, wallahi har yau abin na ba ni haushi.

Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a bakin hanya ce ta rugo tana dukan gilashi: "Jirgi! Ku fito!" Kawu ya duba gaba ba hanya, baya ba hanya, ya diro. Na buɗe ƙofa na ja Inna, ta ƙi motsi. Ta rungume jarkar zamzam.

"Inna, ki saki!"

"Maƙwabta na jira, ɗan nema!"

Bayarabiyar ba ta tsaya wata magana ba. Ta ture ni, ta sungumo Inna kamar jaririya, jarka ta suɓuce a cikin mota. Muna zubewa a gefe jirgin ya iso, birki na ƙara. Ya ja fijon nan gaba, ya matse ta kamar gwangwanin madara. Inna ta zauna a ƙasa, ɗankwali a karkace, tana shafa fuskokinmu tana salati.

Daga ranar ba ta ƙara ƙetare layin dogo a mota ba. Ko ruwa ake yi sai an tsaya ta sauka, ta haye da ƙafa. Mu yi ta tsokanarta, ta ce mu ci gidanmu.

Ranar da ta rasu, a mota muka ɗauko ta zuwa maƙabarta. Muna isowa layin, Kawu ya ce direba ya tsaya. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Muka sauko da makara, muka ƙetare da ita a kafaɗa.