Kawu Ilu Bai Motsa Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Karama ta Dubai a shekarun nan ya san Kawu Ilu da abu guda. Za ka gan shi tafe da sauri, jallabiya na kaɗawa, sai kawai ya ƙame. Ƙafa ɗaya a sama, ledar burodi na lilo a hannu, ko ƙiftawa babu. Baƙo sai ya ɗauka iskokai ne suka taɓa shi. Mu da muka sani sai mu ɗaga kai mu dubi baranda, don mun tabbata Anju ce ta ƙwala masa "Istachu!"

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya kawo ni Dubai ina taya shi ɗaurin kayan kargo a kasuwar Murshid, ɗaki ɗaya muka kwana shekara da shekaru, saboda haka kada wani ya ce ƙari nake yi.

Wasan na yaran Indiyawan gidanmu ne. Ɗaya ya juya wa sauran baya, su kuma su sheƙo da gudu. Da ya waiwayo ya ce "Istachu!" kowa ya daskare kamar gunki. Wanda ya motsa ko ya yi dariya ya faɗi, kuma ba mai sakinka sai wanda ya ƙamar da kai ya ce "Oba." Anju 'yar maƙwabcinmu ce, ƙofarsu na kallon tamu, babanta na aiki a wani sito a Jebel Ali. 'Yar firit da ita, ga giɓi, ga taurin kai.

Ranar farko mun dawo daga kasuwa, Kawu ya ratsa ta tsakiyar filin wasansu. Anju ta waiwayo ta yi kiranta, ta haɗa har da shi ta nuna da yatsa. Na ce, "Kawu, mu wuce mana." Ashe ya ƙame. Yara suka yanyame shi, wannan ya yi masa gwalo, wancan ya ja masa gemu. Ko gezau! Sai da ta gaji don kanta ta sake shi. Yana sauke ƙafa ya ce da ni, "Ni da na gagari samarin Fagge a langa, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta kayar da ni? Wallahi sai dai ta tsufa tana gwadawa."

To daga nan aka ja daga. Ita ta rantse sai ta ga ranar da Ankul, haka take kiransa, zai motsa. Shi kuma ya rantse ba za ta gani ba. Har zama ya yi da yaran a kan matakala, da guntun Turancinsa, aka yi yarjejeniya: abu biyu ne kaɗai za su motsa shi ba tare da "Oba" ba, kiran sallah da gobara. "Ban da su," in ji shi, "ko 'yan sanda ne suka zo, sai dai su ɗauke ni a haka su sa a mota."

Labari ya kai Murshid. Alhaji Tanimu mai takalma, kun san shi da tsokana, ya lallaɓo ta bayan Kawu yana shan shayi ya daka masa "Istachu!" Kawu ya kurɓi shayinsa a natse, ya dube shi sama da ƙasa.

"Tanimu, da furfurarka? Wasan yara ne fa. Kai ba ka jin kunya?"

Wata safiya kuma muna sauri, za a rufe kwantena a Jebel Ali, kayan mutane na cikin mota. Kawu ya sa ƙafa ɗaya a mota ke nan sai ga muryar Anju daga sama. Ya ƙame, rabinsa a ciki rabinsa a waje. Abin haushi, a daidai lokacin uwarta ta fizge ta zuwa wanka. Direba ya dinga danna hon yana cewa, "Yalla, Haji! Yalla, habibi!" Na roƙa, na yi magiya, na tuna masa masu kayan nan ba su san wasa ba. Ina! Dole na hau bene da gudu na ƙwanƙwasa ƙofar mutane. Aka fito da ita naɗe a tawul, kumfa a ka, ta leƙo ta ce "Oba." A hanya na kumbura ina ta ƙunƙuni, sai ya ce, "Kai, kwantena gobe ma akwai wata. In na motsa, gobe da wane ido zan kalli yarinyar nan?"

Sai kuma ranar da aka kawo sabon maigadi, Mamudu, mutumin Zangon Kumasi. Bawan Allah ya tarar da dattijo a bakin lifta, hannu a sanƙare, ido a kafe. Ya sa salati, ya ce, "Ei, chale, Alhaji ya shanye!" Ya ruga ya ɗebo ruwan sanyi ya sheƙa masa a fuska, yana tofa masa addu'a. Yara na bayan mota suna birgima don dariya. Da aka sake shi, Kawu ya share gemu ya ce, "Na gode, ɗana. Amma in za ka ƙara, ka zuba a ƙeya, nan zafin ya fi."

Allah bai ba Kawu haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma ni da nake kwana da shi na san ba langa yake karewa ba. Son yarinyar nan yake har cikin ransa.

Ana nan sai aikin baban Anju ya ƙare, aka soke musu biza. Ranar tafiyarsu, bayan azahar, rana kamar ta dafa mutum, muka sauko raka su. Anju ta ƙanƙame jallabiyar Kawu tana kuka, da ƙyar aka ɓamɓare ta aka sa a tasi. Kawu ya ɗaga hannu yana mata sallama. Motar na tashi ta leƙo ta taga, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Ankul! Istachu!" Suka sha kwana.

Hannu ya tsaya a sama. Na ce, "Kawu, khalas, sun tafi." Na kira lambar baban, a kashe. Ga mutum da hawan jini, ga kwalta na tururi. Mamudu ya kawo lema ya riƙe masa. Ranar raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, har na yi tunanin in kunna wa kwali wuta in ce gobara. Da aka kira la'asar na ce alhamdulillahi. Ya sauke hannu, muka je masallaci. Muna idarwa sai ga shi ya koma wurin nan dai, ya mayar da hannu sama!

"Kawu, don girman Allah!"

Sai da aka kira magariba ya amsa min. "Ladan hutu ya ba ni, ba 'Oba' ya ce ba. So take ta dawo ta same ni inda ta bar ni."

Da ƙyar dattawan Murshid suka shawo kansa, don mutum ba zai bar neman abinci ba. Aka daidaita: kullum bayan la'asar zai je wurin ya ɗaga hannu ya tsaya shwaiya, wato ɗan lokaci kaɗan, sannan ya wuce harkarsa. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru. Sababbin 'yan haya suna ɗauka tasi yake tsayarwa, direbobi su tsaya su yi ta masifa.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, bai fasa ba. La'asar na yi zai ɗago hannun nan da ƙarin ruwa a jiki, nas na mayarwa yana ɗagowa. Na bi shagunan Indiyawan Karama ɗaya bayan ɗaya ina cigiyar Anju, har Allah ya haɗa ni da wani tela da ya san dangin uwarta, ya samo min lambarta. Na kira, na kara masa wayar a kunne. Muryar ta girma, amma ita ce. Ta yi ta kuka kafin ta iya cewa, "Ankul... Oba."

Ya sauke hannun a hankali a kan ƙirjinsa, ya dube ni yana murmushi.

"Gaya mata ta shaida. Ban motsa ba."

Na gaya mata. Ta ce ta shaida, shi ya ci.

Bai kai Juma'a ba. Da muka shimfiɗe shi na tsaya ina kallon fuskarsa, wallahi saura kaɗan in ɗaga kai in dubi baranda.

Allah, bawanka Iliyasu bai taɓa saɓa wa ko ƙaramar yarinya alkawari ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka tashe shi cikin masu cika alkawari. Amin.